Mutuntar da ɗabi'un kare

Mutuntar da ɗabi'un kare shi ne fassara abin da kare yake yi da ma'aunin zuciyar ɗan Adam, wato a ga wata ɗabi'a da aka halicce shi da ita, ko wadda ya koya daga zama da mutane, a ɗauke ta a matsayin nadama, kishi, gayya, dariya ko kunya irin ta mutum. Kalmar mutuntarwa sananniya ce a nazarin adabin Hausa, inda take nufin bai wa dabba ko wani abu halin mutum, kamar yadda Gizo da Kura suke magana a tatsuniya. A ilimin halayyar dabbobi kuwa, ana amfani da ita ne ga kuskuren da mai lura yake yi idan ya ɗora wa dabba tunanin da babu hujjar cewa tana da shi.

Masana ba sa musun cewa kare yana jin tsoro, daɗi, damuwa da shaƙuwa. Inda ake samun saɓani shi ne a kan ji mai sarƙaƙiya, wanda yake buƙatar sanin doka, tuna abin da ya wuce da auna kai da idon wasu. Batun yana da muhimmanci domin kuskuren fassara yana kai wa ga dukan kare ba bisa laifi ba, da kuma cizon da za a iya kauce masa, musamman ga yara.

Tarihin muhawarar

Kare ya samo asali ne daga wani nau'in kyarkeci, kuma shi ne dabba ta farko da ɗan Adam ya fara zama da ita. An tono wani kabari a Bonn-Oberkassel ta ƙasar Jamus inda aka binne kare tare da mutane biyu kimanin shekaru 14,000 da suka wuce.

A shekarar 1872 Charles Darwin ya wallafa littafinsa a kan yadda mutum da dabbobi suke bayyana abin da ke ransu, inda ya kwatanta tsayuwar kare mai shirin faɗa da ta kare mai ƙasƙantar da kai. Almajirinsa George Romanes ya fitar da littafi a kan basirar dabbobi a 1882, amma yawancin hujjojinsa labarai ne da masu dabbobi suka ba shi. Wannan ya sa Conwy Lloyd Morgan, wani masani ɗan Birtaniya, ya kafa wata ƙa'ida a 1894: kada a fassara aikin dabba da babban tunani matuƙar ƙaramin dalili ya isa ya bayyana shi. Morgan ya kafa misali da karensa mai suna Tony, wanda ya iya buɗe ƙofar lambu ta hanyar ɗaga sakata da kansa. Wanda ya gan shi yana buɗewa zai ce ya fahimci yadda sakata take aiki. Morgan kuwa ya ga yadda abin ya fara: karen ya riƙa cusa kai ta tsakanin ƙarafa, wata rana ya dace sakatar ta ɗaga, daga nan ya riƙa maimaitawa har ya ƙware.

Wani misali da ake yawan kawowa shi ne na wani doki a birnin Balin mai suna Hans, wanda aka ce yana yin lissafi ta hanyar buga kofato. A 1907 Oskar Pfungst ya nuna cewa dokin yana kallon ƙananan motsin jikin mai tambaya ne, yana daina bugawa idan ya ga alamar an kai amsa. Idan mai tambayar bai san amsar ba, dokin ma ba ya samunta. Tun daga lokacin masu binciken dabbobi suke tsara gwaje-gwajensu ta yadda mutum ba zai bai wa dabba amsa ba tare da ya sani ba.

A rabin farko na ƙarni na 20, bayan aikin Ivan Pavlov na ƙasar Rasha a kan yadda karnuka suke zubar da yawu idan sun ga alamar abinci, masana da yawa sun daina maganar abin da dabba take ji kwata-kwata. Daga baya aka fara ja da baya daga wannan tsauri. Frans de Waal, masanin birai ɗan ƙasar Holan, ya yi gargaɗin cewa musun duk wata kama tsakanin mutum da dabba shi ma kuskure ne. Matsayin da aka fi bi a yau shi ne a ɗauki fassarar mai kare a matsayin hasashe, sannan a gwada ta.

Abin da ke jawo shi

Ƙwaƙwalwar mutum tana saurin ganin niyya a duk abin da ke motsi. A 1944 Fritz Heider da Marianne Simmel sun nuna wa mutane wani gajeren fim na alwatika biyu da da'ira suna yawo a allo, kuma kusan duk waɗanda suka kalla sun ba da labarin faɗa, tsoro da ceto. Idan zane ya isa ya jawo haka, dabba mai ido da murya ta fi.

Fuskar kare ma tana taimakawa. Wani bincike da Juliane Kaminski ta Jami'ar Portsmouth da abokan aikinta suka wallafa a 2019 ya gano cewa karnuka suna da wata tsoka mai ɗaga gefen gira na ciki, wadda kusan babu ita a kyarkeci. Idan kare ya ɗaga wurin, idonsa yana ƙara girma, ya yi kama da na jariri ko na mutum mai baƙin ciki. Masu binciken suna ganin mutane sun daɗe suna fifita karnuka masu irin wannan fuska, har siffar ta bazu.

Dalili na uku shi ne mutane suna kallon abin da ke kewaye da kare fiye da karen kansa. A 2025 Holly Molinaro da Clive Wynne na Jami'ar Jihar Arizona a Amurka sun nuna wa mutane bidiyon kare guda, amma suka sauya abin da ake nuna masa. Idan ya bayyana kamar ana nuna masa injin shara, masu kallo sukan ce yana cikin damuwa. Idan bidiyon nan dai ya bayyana kamar ana nuna masa igiyar fita yawo, sai su ce yana murna.

Akwai kuma bambancin gaɓoɓin ji. Mutum ya fi dogara da ido da harshe, kare kuwa ya fi dogara da hanci, wanda ƙwayoyin jin wari da ke cikinsa sun ninka na mutum sau da dama. Abubuwa da yawa da kare yake amsawa, mai shi ba ya ma sanin suna wurin, sai ya cike giɓin da labarin da ya fi kusa da hankalinsa.

Kallon mai laifi

Wannan shi ne misalin da aka fi bincika. Mai gida ya dawo ya tarar an yayyaga takalmi ko an kifar da tukunya, sai kare ya sunkuyar da kai, ya kwantar da kunnuwa, ya kawar da ido, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu. Mai shi sai ya ce ya san abin da ya yi.

A 2009 Alexandra Horowitz ta Kwalejin Barnard da ke New York ta gwada wannan da karnuka 14. Mai kare yakan hana shi cin wani abinci, sannan ya fita daga ɗaki. A bayansa, wani lokaci karen yakan ci, wani lokaci mai binciken takan ɗauke abincin. Idan mai karen ya dawo, akan faɗa masa gaskiya a wasu lokutan, a wasu kuma a faɗa masa akasin abin da ya faru. Sakamakon ya nuna cewa cin abincin ko rashin cinsa bai sauya yawan wannan kallo ba. Abin da ya sauya shi shi ne faɗan mai kare. Karnukan da ba su ci komai ba amma aka yi musu faɗa sun ma fi nuna alamar.

Masana suna kiran waɗannan alamu ɗabi'un neman sulhu. Kare yana yi wa wani kare da ya fi shi ƙarfi irinsu domin ya kauce wa faɗa. Akwai karnukan da suke yin haka tun kafin mai gida ya buɗe baki, kuma wannan ma yana da bayani: karen ya koyi cewa idan shara tana warwatse a ƙasa kuma mutum ya shigo, tsawa tana biyowa. Binciken Horowitz bai tabbatar da cewa kare ba ya jin laifi ba. Abin da ya nuna shi ne wannan kallon ba hujjar laifi ba ne.

Kaɗa wutsiya

Mutane da yawa suna ɗaukar kaɗa wutsiya a matsayin maraba. Abin da ta fi nunawa shi ne jikin kare ya motsu, kuma hankalinsa yana kan wanda ke gabansa. Wutsiyar da take lilo sannu a sake, har ƙugu yana binta, takan tafi da sakin jiki. Wadda ta miƙe sama ta ƙage, tana karkarwa da sauri, takan zo kafin hari. Wadda take ƙasa tana ɗan motsi takan nuna tsoro.

A 2007 wasu masana a Italiya, Angelo Quaranta, Marcello Siniscalchi da Giorgio Vallortigara, sun auna kaɗawar da kyamara. Sun ga wutsiya tana fi karkata zuwa daman kare idan ya ga mai shi, tana kuma fi karkata zuwa hagu idan ya ga baƙon kare mai ban tsoro. Wannan bambanci yana da wuyar gani da ido, amma ya nuna cewa motsi ɗaya yana ɗauke da saƙo fiye da ɗaya.

Buɗe baki da bayyana haƙora

Kare ba ya yin gumi a jikinsa kamar mutum, sai kaɗan a tafin ƙafa. Yana rage zafi ne ta hanyar haki, baki a buɗe, harshe a waje. Wannan fuska tana kama da dariya, amma tana iya nufin zafi, gajiya, ciwo ko fargaba. Kare mai haki a inuwa ba tare da ya yi gudu ba yana iya kasancewa cikin damuwa.

Mafi haɗari shi ne bayyana haƙora. A wurin mutum, ganin haƙora murmushi ne. A wurin kare, idan leɓe ya ɗaga, hanci ya tattare, gargaɗi ne. Binciken Kerstin Meints ta Jami'ar Lincoln a Ingila ya nuna cewa ƙananan yara sukan kalli hoton kare mai bayyana haƙora su ce yana murna, har su ce za su so su matsa kusa da shi.

Lasa, hamma da kwanciya rigingine

Ana yawan kiran lasar fuska sumba. Asalinta yana komawa ga 'ya'yan kyarkeci, waɗanda suke lasar bakin manya idan sun dawo daga farauta domin su amayo musu nama. A wurin kare babba, lasa tana iya zama gaisuwa, neman kulawa, ɗanɗanon gishirin fata, ko roƙon a ba shi sarari. Lasar leɓe ko hanci da sauri, ba tare da abinci a kusa ba, alamar takura ce.

Hamma ma haka take. Kare yakan yi ta idan ya gaji, amma yakan yi ta a ɗakin likitan dabbobi, ko idan baƙo ya tsura masa ido. Kwanciya rigingine da nuna ciki tana iya zama gayyatar wasa idan jiki a sake yake. Idan kuwa jikin a ƙage yake, baki a rufe, wutsiya a naɗe, to karen yana nuna ya sallama ne, kuma taɓa shi a wannan hali yana iya kai wa ga cizo.

Runguma ɗabi'ar mutum ce da birai. Kare ba shi da ita, kuma ɗora hannu ko ƙafa a kan kafaɗarsa yana kusa da abin da karnuka suke yi wa juna wajen nuna ƙarfi. Wasu karnuka sun saba da ita, wasu suna haƙuri ne kawai, ana gane su da kawar da kai da bayyanar farin ido.

Ɓarna da zargin gayya

Idan kare ya yi fitsari a ɗaki ko ya tauna kaya bayan an bar shi shi kaɗai, akan ce ramuwa ya yi. Ramuwa tana buƙatar kare ya san abin da mai shi yake ƙauna, ya kuma shirya ɓata masa rai a gaba, kuma babu binciken da ya nuna haka. Dalilan da likitocin dabbobi suka fi samu su ne fargabar rabuwa, rashin abin yi, fitowar haƙora a ɗan kwikwiyo, sanya alamar wari, ko cuta a mafitsara. Kare yakan zaɓi takalmi ko tufafin mai shi ne domin su suka fi ɗaukar warinsa.

Kuskuren shugaban garke

Akwai wata fassara da take kama da kimiyya amma ita ma ta ɗora wa kare burin mutum. Ita ce cewa kare kullum yana neman ƙwace mulkin gida, don haka dole mai shi ya murƙushe shi. Tushenta binciken Rudolph Schenkel ne na 1947 a kan kyarketai da aka tara a gidan namun daji na Basel a Suwizalan, waɗanda ba dangin juna ba ne, suna ta faɗa a kan matsayi. David Mech, masanin kyarkeci ɗan Amurka, ya yaɗa ra'ayin a littafinsa na 1970, amma a 1999 ya wallafa cewa garken kyarkeci a daji iyali ne, uwa da uba da 'ya'yansu, kuma faɗan neman sarauta ba kasafai yake faruwa ba. Kare mai jan igiya ko mai riga mutum fita ƙofa yana sauri ne zuwa abin da yake so.

Abin da bincike ya nuna kare yana ji

Sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsoro, fushi, wasa da kulawa da 'ya'ya iri ɗaya ne a dabbobi masu shayarwa, kamar yadda aikin Jaak Panksepp ya nuna. A 2015 Miho Nagasawa da abokan aikinta a Jami'ar Azabu ta Japan sun gano cewa idan kare da mai shi suka daɗe suna kallon juna, sinadarin oksitosin yana ƙaruwa a jikinsu duka biyu. Wannan sinadari shi ne yake ƙarfafa shaƙuwar uwa da jariri.

A kan kishi, Christine Harris da Caroline Prouvost na Jami'ar Kalifoniya a San Diego sun gwada karnuka 36 a 2014. Karnukan sun fi ture mai su ko shiga tsakani idan yana shafa karen roba mai haushi, fiye da idan yana karanta littafi. Masu binciken sun kira wannan wani nau'in kishi na asali, wato kare matsayi a wurin wanda aka shaƙu da shi, wanda bai kai kishin mutum mai zargi da tunanin gobe ba.

Labarin Hachiko na Japan yana nuna wuyar raba abubuwan biyu. Bayan mutuwar mai shi a 1925, karen ya ci gaba da zuwa tashar jirgin ƙasa ta Shibuya a Tokiyo har ya mutu a 1935. Jama'a sun ɗauke shi alamar amana, har aka kafa masa mutum-mutumi a tashar. Shaƙuwa, sabo da kuma abincin da mutane suke ba shi a wurin duk suna iya kasancewa cikin dalilan, kuma ɗaya ba ya kore ɗaya.

Illoli

Illa ta farko tana kan kare. Hukuncin da ya zo sa'o'i bayan ɓarna ba ya koya masa komai game da ɓarnar, sai dai ya koya masa tsoron dawowar mai shi. Kare da ake duka saboda gurnani yakan daina gurnanin, amma tsoron da ya jawo shi yana nan, sai ya zama mai cizo ba gargaɗi. Haka kuma ciwo yakan ɓoye a bayan fassara: karen da aka ce ya yi fushi ko yana taurin kai wataƙila ciwon gaɓoɓi, na haƙori ko na kunne ne yake damunsa.

Illa ta biyu tana kan mutane. Yara sun fi shan cizo a fuska da wuya saboda tsayinsu da kuma yadda suke kusantar kare. A inda ciwon haukan kare yake, cizo yana iya zama ajali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cutar ba kullum take zuwa da hauka ba. Akwai nau'in da kare yake yin laushi, muƙamuƙinsa ya saki, yawu yana zuba, har mai shi ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa, ya sa hannu a bakinsa. Shawarar hukumar ga wanda aka ciza ita ce a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a je asibiti nan take domin allurar rigakafi, domin da zarar alamun cutar sun bayyana kusan babu mai tsira.

Bambancin al'adu

Yadda ake karanta kare ya danganta da inda mutum ya tashi. Wani bincike da Federica Amici ta jagoranta a 2019 ya nuna cewa manyan da suka girma a al'ummar da ake zama kusa da karnuka sun fi gane yanayin fuskarsu, ko da su kansu ba su taɓa kiwon kare ba. A Turai da Amurka, inda kare yake kwana a ɗaki, kuskuren ya fi karkata ga ɗaukarsa kamar ɗa. A ƙasar Hausa, inda aka fi ajiye kare domin gadi da farauta, kuma yawanci a waje yake kwana, kuskuren yakan karkata ga ɗora masa mugunta: kare mai haushi saboda tsoro a ce mugu ne, a jefe shi, abin da yake ƙara masa tsoron mutane. Mafarauta da makiyaya, waɗanda suke yini da karnukansu, sukan san bambancin haushin baƙo da na nama. Karin maganar nan da ke cewa in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi, ta ginu ne a kan lura da abin da dabbar take yi kafin ta aikata.

Yadda masana suke karanta kare

Hanyar da masu nazarin halayyar dabbobi suke bi ita ce a fara da bayyana abin da ido ya gani kafin a ba shi suna. Maimakon a ce kare ya ji kunya, sai a ce ya kwantar da kunne, ya kawar da kai, ya lashi leɓe. Sannan a duba jiki gaba ɗaya, domin wutsiya ita kaɗai ba ta isa ba: ana haɗa ta da kunnuwa, idanu, baki, gashin baya da inda nauyin jiki ya karkata. Bayan haka a tambayi abin da ya faru daf da ɗabi'ar da abin da ya biyo bayanta, tunda kare yana maimaita abin da ya taɓa jawo masa abinci, kulawa ko kuɓuta.

Alamun takura sukan zo a jere, daga ƙanana zuwa manya: hamma da lasar leɓe, kawar da kai, barin wurin, ƙagewar jiki, tsura ido, gurnani, kai cafka a iska, sannan cizo. Likitocin dabbobi suna ba da shawarar a janye tun a matakan farko, kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da kare, kuma kada a taɓa kare mai cin abinci, mai barci, mai ciwo ko karya mai shayarwa. Idan ɗabi'ar kare ta sauya farat ɗaya, ana fara kai shi a duba lafiyarsa kafin a nemi wani dalili.